Yatsu Biyu a Ƙugun Wando

Talata, 2 ga Satumba, 5:20 na yamma

Mun dawo daga asibiti. Na zaro wannan littafin daga ragowar littattafan aji don in riƙa rubuta abin da Maigida ya ci da abin da bai ci ba. Abinci kawai, ba wani abu ba.

Likita ya faɗi sunan abin. Na ji, na gane, ba sai na rubuta shi a nan ba. Ya ce aiki za a yi, kuma ba ya son a ja lokaci, amma ba zai taɓa shi ba sai nauyinsa ya sauka. Sikeli ya nuna kilo casa'in da takwas. Yana son ya ga casa'in da biyu nan da mako shida, ranar 14 ga Oktoba.

Maigida ya yi dariya ya ce, “Likita, da ka san wadda nake aure da ba ka damu ba. Shekara goma sha tara tana koya wa 'yan mata darasin abinci da lafiya.” Likita ya dube ni ta saman tabarau ya ce to, aiki ya zo da sauƙi. Ya ce duk da haka mu biya ofishin jami'ar abinci kafin mu wuce. Mun leƙa, layi har bakin matakala. Na ce wa Maigida mu tafi gida, abin da za ta faɗa shi nake koyarwa kullum.

Da isowarmu na ɗauke galan ɗin mai daga gefen murhu, na taka kujera na cusa shi can bayan kabad. Man shanu na ba maƙwabciya. Gyaɗar da yake ɓoyewa a aljihun keken ɗinki gobe zan karɓo.

Hankalina a kwance yake. Wannan fagena ne.

Laraba, 3 ga Satumba, 10:45 na safe, lokacin tara

Ikon Allah, aji huɗu yau muka shiga babin kitse. Na rubuta musu jimlata a saman allo, wadda nake rubutawa kowace shekara: Kitse ke kawo kitse. Ni na ƙirƙiro ta tun ina sabuwar malama, saboda kalma ɗaya muke amfani da ita ga abin da ke jikin nama da abin da ke taruwa a ciki, kuma yara ba sa mantawa da abin da ya yi daɗin faɗa. Tsofaffin ɗalibaina har a kasuwa suke tare ni da ita, da goyonsu a baya.

Su arba'in da biyu suka maimaita da murya ɗaya, suna buga tebur. Ina son wannan ajin. Idonsu a buɗe yake, kuma idan sun gane abu sai ka ga ya bayyana a fuskarsu kamar an kunna fitila.

In an tashi zan biya babban kanti. Na ga suna da abubuwa da yawa masu rubutun “babu kitse” a jiki.

Juma'a, 5 ga Satumba, 7:10 na safe

Burodi yanka huɗu da jam, shayi, yogot marar kitse roba ɗaya. Ya cinye duka. Babu mai ko ɗigo.

Asabar, 6 ga Satumba, 4:30 na yamma

Yaya ta zo, babbar yayar Maigida, wadda ta goya shi yana jariri kuma har yau take ganin bai gama girma ba. Ta zo da kifi soyayye a kwano da ƙullin gyaɗa.

“Amaryarmu, ina ƙanin nawa? An ce kin sa shi a kurkuku.”

Shekara ashirin da huɗu da aurena, har yanzu amarya nake a bakinta.

Na ce, “Yaya, kurkukun da ake cin shinkafa sau biyu a rana ai da daɗi.”

Ta buɗe tukunya ta leƙa. Farar shinkafa, da miyar tumatir da na dafa da ruwa zalla. Ta ce, “Wannan miya ce ko wankin tukunya?” Maigida yana daga falo yana dariya ƙasa-ƙasa, ya san in ya ɗaga murya zai shiga tsakaninmu.

Na zauna na yi mata bayani a tsanake, yadda nake yi wa yara. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ita dai ba ta yi boko mai nisa ba, amma ta ga mutum yana cin burodi kamar ana korarsa. Na mayar mata da kifinta cikin ladabi. Ta karɓa.

Gaskiya yana jin yunwa da wuri. Awa biyu bayan cin abinci sai ya fara zagaye kicin. Amma tunda babu mai a ciki, ba na hana shi. Na ƙara masa biskit marar kitse da lemon kwali a jakar da yake tafiya da ita shago. Ba na son ya ji kamar horo ake yi masa.

Lahadi, 14 ga Satumba, 9:00 na safe

Na ce ya kamata mu nemo sikeli. Ya ce, “Malama, shekara talatin ina auna ƙugun mutane, sai yau ƙarfe zai gaya mini nawa?” Ya shiga ɗaki ya sako wandonsa mai ruwan toka, wanda ya ɗinka wa kansa bara, wanda ranar da muka je asibiti da ƙyar maɓallinsa ya shiga.

“Zo ki gwada.”

Na sa yatsa a ƙugun wandon. Ya shige. Na sa na biyu, shi ma ya shige.

Ban san sanda na fara tafi ba, ni kaɗai a tsakar ɗaki kamar 'yar aji ɗaya. Ya tsaya yana kallona, ya daɗe yana kallona. Mun yi alkawari kowace Lahadi da safe wannan wandon shi ne sikelinmu.

Laraba, 17 ga Satumba, 2:15 na rana

Akwai yarinya a layin baya, gefen taga, 'yan aji suna kiranta Me-ya-sa saboda ba a gama magana ba ta ɗaga hannu ba. Yau ma ta ɗaga.

“Malama, babana yana turka raguna. Dusa yake ba su da hatsi, ban taɓa ganin ya ba su kitse ba. Amma in an yanka, kitse har ya rufe ƙoda. Daga ina suke samo shi?”

Aji ya fashe da dariya. Wata ta ce, “Ke rago ce?” Ni ma na yi murmushi. Na ce cikin dabba daban, cikin mutum daban, kuma wannan ba ya cikin manhajar bana. Ta ce to, ta sauke hannu, amma na ga ta rubuta wani abu a gefen littafinta.

Tambaya ce mai kyau. Zan duba mata in na samu sarari.

Talata, 23 ga Satumba, 6:00 na yamma

Taliya da rana, dankali dafaffe da yamma, yogot biyu. Ya cinye duka.

Ya ce barci yana ɗaukarsa a kan keke bayan azahar, har ya karkata ɗinkin wata riga sai da ya farke. Jiki ne yake sabawa da sabon tsari. Ruwa ma yana sha da yawa, wannan kuwa abu ne mai kyau.

Da zai tashi daga kujera ya dafe gefen hagu ya ɗan tsaya. Na tambaya, ya ce lafiya lau.

Lahadi, 28 ga Satumba, 9:10 na safe

Yatsu uku.

Lahadi, 5 ga Oktoba, 5:40 na yamma

Auta ta kira daga jami'a. Ta tambayi jikin Babanta, mun ce lafiya lau, ta mai da hankali ga jarrabawarta. Ba mu gaya mata zancen aiki ba. In an sa rana ma ji da shi.

Da safe yatsu uku sun shiga har da sarari. Sai dai fuskarsa ba ta faɗa ba, ni a idona ma kamar ta ƙara cika. Na karanta a wani wuri cewa ƙugu ke fara sauka, fuska ta biyo baya. Ko dai ban karanta ba, haka nake tsammani.

Alhamis, 9 ga Oktoba, 7:00 na safe

Saura kwana biyar. Na goge masa kayan da zai kwana da su a asibiti na jera a jaka. Babu mai ko ɗigo, yau kwana talatin da bakwai.

Talata, 14 ga Oktoba, 3:00 na rana

Ɗari da ɗaya da rabi.

Na ce sikelin ya lalace. Nas ta kai mu wani ɗaki, ta ɗora shi a kan wani. Ɗari da ɗaya da rabi. Sukarin jininsa ma ya hau inda bai taɓa zuwa ba.

Likita bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce abin ya ɗan ƙara girma. Ya ba mu mako biyar. Ya ce wannan karon takardar jami'ar abinci da sa hannunta yake son gani.

Jakar da na shirya tana nan a bakin ƙofa. Ban buɗe ta ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, 4:45 na yamma

Ban je gida ba da aka tashi, shagonsa na wuce. Yana kan keke, tef a wuya, allura a baki. Na gaishe shi, sannan na fara buɗe aljihunan tebur ɗaya bayan ɗaya. Zare, maɓallai, alli, almakashi. Na ɗaga yadudduka na duba ƙasa. Na duba kwandon shara. Robobin yogot ɗina ne a ciki da kwalayen lemona, ba komai kuma.

Ya cire allurar daga baki ya ce, “Me ya ɓata, Malama?”

“Wa ke kawo maka abinci a nan?”

“Ke.”

“Bayan ni.”

“Babu.”

Na fito na kira Yaya a waya daga bakin titi. Abin da na faɗa mata ba zan rubuta ba. Ta bar ni na gama, ta ce, “Tun ranar da kika mayar mini da kifina ban ƙara aika masa ko ƙwayar gyaɗa ba. Allah ya ba shi lafiya.” Ta kashe. Ba ta ce amaryarmu ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, 10:45 na safe

Na ba aji huɗu aikin karatu na zauna ina kallon taga. Jimlar tana nan a saman allo, ba mai taɓa ta.

Asabar, 18 ga Oktoba, 11:30 na safe

Wanki nake yi. Na juya wandon mai ruwan toka don in wanke cikinsa, sai hannuna ya ji wani abu a bayan ƙugu. Na fito da shi rana.

A tsakiyar baya, inda ɗinki ke haɗuwa, akwai layin ƙananan ramuka na allura, inda tsohon ɗinki ya taɓa bi. Kusa da shi wani layin. Kusa da wannan kuma wani. Uku. Da yadin ciki ya ƙare, sai aka saka wani ƙyalle mai faɗin yatsu uku, ruwan toka iri ɗaya sak, zaren ma iri ɗaya. In ba an juya an kai rana ba, babu mai gani. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Duk garin nan mutum ɗaya na sani da zai iya shi.

Na same shi a falo yana shan shayi. Na shimfiɗa wandon a kan tebur, cikinsa a waje. Ya dube shi, ya ajiye kofi.

“Wannan ɗinkin na farko yaushe ne?”

“Asabar ɗin da ta zo kafin ki fara gwadawa.”

“Ya matse ka.”

“Ya ƙi rufuwa ma.”

Na zauna. Na ce me ya sa. Sai da na faɗa na ji muryar yarinyar nan a bakina.

Ya ce da farko ya ɗauka kumburi ne na kwana biyu, ya ce bari ya ɗan sassauta kafin tsarin ya kama. Sai na sa yatsu biyu na yi tafi. “Malama, tun ranar da likita ya faɗi maganar nan ban ga haƙoranki ba sai ranar. Ina zan kai wannan? Mako na biyu na ce na ƙarshe ke nan. Na uku kuma kunya ta hana ni.”

“Ka san abin da ke cikinka ba ya jira.”

“Na sani.”

“Ka zaɓi in yi tafi.”

“Kina tashi tun asuba kina dafa mini abinci kala biyu. Ke ce malamar. Na ce wataƙila jikina ne bai iya karatu ba.”

Ban yi kuka ba. Na ɗauki wandon na koma na ƙarasa wankinsa. Ina shanya shi na lura har ƙarshen zaren ya ɓoye a cikin ninki, yadda yake yi wa kayan manyan kwastomominsa.

Talata, 21 ga Oktoba, 1:30 na rana

Mun bi layin. Awa ɗaya da minti ashirin.

Jami'ar abinci yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ɗaliban da na fara yayewa ba. Ta ce in faɗa mata abin da yake ci. Na miƙa mata wannan littafin, na nuna mata shafukan abinci, na rufe sauran da hannu. Ta karanta ba ta ɗaga kai ba. Sannan ta ce ko na zo da robar yogot ɗin. Akwai ɗaya a jakata.

“Mama, me aka rubuta a gaba?”

“Babu kitse.”

“Juya bayan.”

Rubutun ƙanana ne, sai da na sa tabarau. Ta ɗauko kwalbar sukari da ƙaramin cokali daga aljihun tebur, ta ce in karanta lambar ita kuma ta zuba a faranti. Cokali biyar. Ta ce in an cire kitse daga abu ɗanɗanonsa yakan tafi, sai masu yin sa su cike gurbin da sukari ko sitaci. Lemon kwalin ya fi haka. Biskit ɗin ma ba a magana.

Ta ce farin burodi da farar shinkafa da taliya ba guba ba ne, amma suna saurin narkewa su zama sukari a jini, su bar mutum da yunwa bayan awa biyu, ya koma ya ƙara. Abin da jiki bai ƙona ba kuwa, ko daga ina ya fito, kitse yake mayar da shi ya ajiye. Mutumin da ke zaune a kan keke daga safe zuwa yamma ba ya ƙona da yawa.

Na ce, “Kamar ragon turka.”

Ta ɗaga kai. “Daidai, Mama. Ai kin ma sani.”

Maigida ya ce, “To ni ne ragon ke nan.” Ta yi dariya har ta rufe baki. Ni ban iya ba.

Na tambaye ta ko yanzu sai a bar sitaci gaba ɗaya a koma wa mai. Ta ce a'a, kada in sauka daga wannan dokin in hau wancan. Mai yana da nauyi, a auna shi da cokali. Ta zana faranti a takarda: rabi ganye da kayan lambu, kwata kifi ko ƙwai ko wake ko nama, kwata shinkafa ko makamancinta, daidai dunƙulen hannunsa. Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya in yunwa ta taso. Ruwa a maimakon lemo. Tafiya bayan cin abinci, a hankali, saboda gefen nan.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, duk wannan yana cikin littattafan da ke kan kantata. Babi na gaba da wanda nake tsayawa. Na sani a takarda. Jimlata ce ta fi daɗin faɗa.

Laraba, 22 ga Oktoba, 6:50 na safe

Na taka kujera na sauko da galan. Cokali ɗaya. Ƙwai biyu, tumatir, kabeji, burodi yanka ɗaya. Ya ce ƙamshin kaɗai ya isa a biya masa haraji.

Asabar, 25 ga Oktoba, 5:15 na yamma

Na je gidan Yaya da ƙafata. Na same ta tana tsince wake a tire. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na faɗa mata komai, har da wandon.

Ta ajiye tiren. “Ya buɗe wandon?”

“Sau uku, har da ƙari.”

Ta yi dariya har hawaye suka zubo, tana gogewa da gefen mayafi. Ta ce tun yana ɗan shekara bakwai haka yake. Ya taɓa fasa mata madubi ya liƙe shi da ƙaro ya juya shi bango, wai kada ranta ya ɓaci. Daga nan dariyar ta tsaya, ta ce, “Likitan ya ce me game da jinkirin?” Na gaya mata. Muka ci gaba da tsince waken tare.

Da zan tafi na ce, “Yaya, kifin nan, in an gasa shi maimakon suya, yana cikin takardar.”

“Au, yanzu kifina ya ci jarrabawa?” Ta rako ni har bakin titi. “Ki gaida ragon, amaryarmu.”

Lahadi, 26 ga Oktoba, 9:00 na safe

Na aro sikeli daga ɗakin gwaje-gwaje na makaranta. Wandon kuwa na kulle shi a akwatina, makullin yana jakata.

Ya koya mini awo da tef. “Kada ki ja, kada ki saki. Ki bar shi ya kwanta ya faɗi abin da ya gani.” Na ce ashe ka san haka. Ya ce sani daban, Malama.

Ɗari daidai.

Laraba, 29 ga Oktoba, 2:20 na rana

Na shiga aji huɗu da robar yogot, da kwalbar sukari, da cokali, da faranti. Kafin in ce komai na kira Me-ya-sa gaban allo. Ta taso tana raba ido, ta ɗauka laifi ta yi.

Na ce ta maimaita tambayar da ta yi mini mako shida da suka wuce. Ta maimaita, murya ƙasa-ƙasa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Na ce, “Amsar da na ba ki ba daidai ba ce. Ragunan babanki daga hatsi suke samo kitsensu, kuma mutum ma haka jikinsa yake yi da abin da ya ci ya yi masa yawa. Kin ga abin da ban gani ba. Ungo.” Na miƙa mata tsumman goge allo na nuna mata saman allon. Ba ta kai ba, sai da ta taka benci.

Wata daga gaba ta ce, “Malama, yayata ma ke kika koya mata wannan.” Na ce na sani, in kin koma gida ki gaya mata Malama ta aiko da gyara. Har cikin raina nake nufi. Ina ta lissafin ajujuwa goma sha tara, da gidajen da suke dafa abinci a ciki yanzu.

Muka juya roba muka karanta bayanta, muka zuba cokali biyar suna ƙirgawa da ƙarfi. Sun ce in ba su sabuwar jimla da za su haddace. Na ce babu, wannan karon sai dai su juya roba su karanta. Ba su ji daɗi ba, amma darasin ya yi armashi fiye da duk wanda na yi bana. An kaɗa ƙararrawa hannun Me-ya-sa yana sama.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, 3:40 na rana

Ya rufe shago da wuri. Yana kwance. Bai ce lafiya lau ba, ya ce yana ciwo, kuma na gode masa da ya faɗa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, 5:50 na yamma

Casa'in da takwas da ɗigo biyu. Mun dawo inda muka faro, mako goma bayan farawa.

Mun kira Auta mun gaya mata. Ta yi fushi da mu, kuma tana da gaskiya.

Bayan abinci muka taka har gadar da ke ƙarshen layinmu muka dawo. Yana tafiya yana yi wa rigunan mutane gyara da baki: wannan kafaɗar ta zube, wancan hannun ya yi tsawo. Barcin rana ya daina ɗaukarsa.

Talata, 18 ga Nuwamba, 2:00 na rana

Casa'in da bakwai. Ba mu kai ba.

Likita ya daɗe yana duba takardun. Ya ce sukarin ya sauko inda yake so, kuma wannan ya fi damunsa a kan kilo biyar ɗin da suka rage. Ya ce da so samu ne a ƙara wata guda, amma abin ba zai ba mu wata guda ba. Alhamis ta sama, 27 ga wata, ƙarfe takwas na safe. Ya faɗi abubuwan da za su iya faruwa, Maigida ya sa hannu, ni ma na sa.

Mako shida ɗin farko suna nan a raina. Ba wanda ya ambace su.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, 10:30 na safe

Ya ce in ba shi wandon. Na buɗe akwati na ba shi. Ya saka, ya saki hannu, wandon ya zame har sai da ya tare shi.

Ya ce in biyo shi shago. Ya zaunar da ni a kujerar kwastoma, ya ce, “Ki kalla da idonki, kada a ce an yi a bayanki.” Ya farke bayan, ya zare ƙyallen nan, ya mayar da ɗinkin kan layin ramuka na farko, allura tana faɗawa cikin tsofaffin ramukanta. Ya saka. Maɓalli ya shiga ba gardama.

“Gwada.”

Yatsa ɗaya, da ƙyar.

“Ɗaya ne,” na ce.

“Ɗaya ne.”

Ya miƙo mini ƙyallen. Na sa shi a wannan shafin.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, 9:25 na safe

Sun shiga da shi takwas da kwata. Sun ba shi rigar asibiti, suka miƙo mini kayansa a leda. Na fito da wandon na ninke a cinyata. Yaya tana dama da ni tana jan carbi, Auta tana hagu, ta iso jiya. Agogon bangon nan yana gaba da nawa da minti huɗu.

11:50

Shiru.

1:35 na rana

Ya farka. Nas ta ce abin da ya fara tambaya shi ne wa ke riƙe da wandonsa.